Mai Awo da Allurar Garmaho

Magabata sun yi ittifaƙi a kan cewa alheri bai taɓa cutar da kowa ba. Ga dukkan alamu ba su nemi jin ta bakin faifan garmaho ba.

An yi wani mai awon hatsi, mutumin kirki, wanda bai taɓa miƙa wa kowa mudu a shafe ba. In ya cika ya yi tozo, sai ya ɗebo gyara da tafin hannu ya zuba a kai, ko an roƙa ko ba a roƙa ba. A wurinsa awo daidai wa daida rowa ce da ta yi wanka ta shafa turare. Mahaifinsa makaɗin noma ne, ya daɗe da rasuwa, kuma abin da ya rage na muryarsa a duniya faifai ɗaya ne tak, wanda aka naɗa masa a wani gidan rediyo, irin mai laushin fuskar nan da ba shi da na biyu. A tsakiyar waƙar akwai baitin da ya ambaci matarsa da sunanta, Tabawa, abin da bai taɓa yi a gida ba, don uwargida ce, "ke" ne sunanta a bakinsa har ya koma ga Allah. Ita tsohuwar, mahaifiyar mai awo, labarin baitin kawai take ji wurin mutane. Da idonta ya tafi, sai ta ce tana so ta ji da kunnenta kafin shi ma ya yi mata sallama.

Mai awo ya samo garmaho na lantarki ya kai wa mai gyaran rediyo. Mutumin ya murɗa dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun allurar har hannun ya tsaya a iska a miƙe, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Sannan ya murɗo shi gaba kaɗan, ya ɗora bakin allurar a kan ɗan sikeli irin na masu sayar da zinariya. Giram biyu. "Alhaji, nauyinta ke nan," in ji shi. "In ta yi tsalle a ɗaga ta, a goge faifan, a sake ajiye ta a hankali. Kada a ƙara mata komai." Mai awo ya dubi sikelin, kunya ta kama shi. Giram biyu, a shafe, ga muryar uban da ya haife shi. Ko kazar maƙwabta yana ba ta fiye da haka. Ya dai ɗauki kayansa ya koma gida.

Bayan la'asar aka shimfiɗa wa tsohuwa tabarma a tsakar gida, 'ya'ya da surukai suka kewaye ta. Ganga ta tashi, murya ta biyo baya, tsohuwa ta dafe ƙirji. Ana gab da baitin, allura ta iso inda faifan ya taɓa ƙujewa, ta yi tsalle, ta dira can bayan sunan. Tsohuwa ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashin ɗanta, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tuna gargaɗin da aka yi masa, har ya ɗauko ƙyalle. Amma hannun da ya tsufa yana ƙari bai san wata hanyar fita kunya ba. Ya murɗa dunƙulen gaba, ya yi wa allura tozo. Ta sake tsalle. Ya murɗa shi har ƙarshe, zufa na bin gemunsa. Ta yi tangaɗi, ta sake tsallake sunan.

"Yaya, a kira mai gyaran nan mana," in ji ƙanwarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna na zaune tana jira, ni kuma in fita yawon neman mutum?"

Ya kwanto wani tsohon kwabo mai huji da ke cikin makullansa, ya aza a kan allurar, ya ɗan danna da yatsa. Gyara ke nan.

Wannan karon ba ta yi tsalle ba. Ta shiga layin kamar garma a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani siririn baƙin zare yana nannaɗowa a bayanta, jama'a suka ɗauka datti ne ke fita. Daga cikin ƙugi murya ta fito a shaƙe, ta faɗi wani abu mai kama da suna. Mata suka rangaɗa guɗa. Tsohuwa ta ɗaga hannu.

"Kun toshe min kunne da guɗa, ban ji ba. Kai, mayar min da shi baya."

Ya mayar. Ganga ta zo, murya ta zo, da aka iso wurin sai shuuu, kamar an watsa ruwa a kaskon suya. Ya sake mayarwa, shuuu. Nan ya gane cewa zaren da ya hure daga kan faifan, wanda kaji ke tsattsaga a gindin turmi, shi ne baitin.

Tsohuwa ta ce a kama ta a kai ta ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Dama can bai iya faɗa ba."

Garmahon na nan har yau a ɗakin mai awo, kuma in za a yi masa adalci, allurar ba ta ƙara tsalle a wurin ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.