Hararar Baba

Ranar da Baba ya gano fuskarsa ce jarina, ranar kasuwata ta fara rushewa.

Wata uku ina ɗaukar hotonsa a ɓoye duk sanda ya haɗe rai, in rubuta barkwanci a ƙasa, in saki a intanet. Masu shaguna suka yi mini caa, kowa na son hararar nan a tallarsa. Har riguna na buga.

Na zaci zai kore ni. Sai ya ƙura wa wayata ido, ya ce, "Duk waɗannan mutanen ni suke kallo?" Ya washe baki.

Bakin nan bai sake rufuwa ba. Mama ta zabga gishiri a miya, ya ce a ƙaro. Yaya ya maka motar Baba a katanga, Baban ya ce dama katangar ta tsufa. Masu shaguna kuwa sun dame ni, sabuwar harara suke so.

Na durƙusa gabansa, wayata a saite.

"Baba, saboda sana'ar nan na bar karatun likita."

Fuskar ta dawo, irin wadda ban taɓa gani ba. Na danna, na ɗauki hoton.