Tawadar Ƙaro

Kai da kake cewa sai ka kintsa za ka je ka ba ɗan'uwanka haƙuri, zauna ka ji. An yi wani tsohon akawu a garinmu, tun kafin wayar hannu ta shigo, Allah ya jarrabce shi da son alƙaluman nan masu shan tawada. Goma sha bakwai gare shi cikin wani gwangwanin alewa, kowanne naɗe da ƙyallensa. Biro kuwa ko kyauta ka ba shi sai ya yatsine fuska. A cikinsu akwai wani kore mai bakin zinariya, shi ne ɗan lelen, bai taɓa bari ya hau takarda ba. Wai ya ajiye shi ne don wasiƙa ɗaya tak, wadda zai rubuta wa ƙanensa Sallau mai fataucin goro a Shagamu. Shekara tara ba sa ga maciji, saboda wata baƙar magana da shi akawun ya yaɓa masa a bainar jama'a. Ya san shi ne da laifi, abin na cinsa ƙwarai. Sai dai mutumin akwai iyayi. Ya raina tawadar kwalba, wai tsululu ce, sai ya dama ta allo da hannunsa, baƙa wulik, ya zabga mata ƙaro don ta yi sheƙi. Ya ɗura wa koren alƙalamin, ya naɗe, ya ajiye sai ranar da ya kintsa rubuta wasiƙar.

Wata Talata direban motar goro ya kawo labari Sallau na kwance rai a hannun Allah, ya ce jibi zai koma, in akwai saƙo. Akawu ya warware ƙyallen koren, ya ɗora alƙalami kan takarda, ko ɗigo babu. Ashe ƙaro ya daskare a ciki tamau. Matarsa ta ce, "Malam, don girman Allah ɗauki wani, ga sha shida nan zube. Haƙurin Sallau yake jira, ba alƙalamin ba." Ya ce haba, shekara tara sannan ya tura masa rubutun kowa da kowa? Ya tsoma koren a ruwan ɗumi, yana hurawa, yana tsokala da allura, har Alhamis ta yi, mota ta tafi wayam. Ranar Asabar alƙalami ya buɗe. Ya cika shafi uku da rubutun da bai taɓa yin mai kyansa ba.

Da direban ya dawo, ta'aziyya ya fara yi masa. Ya ce sau biyu Sallau na tambayarsa, "Yaya bai ba ka komai ba?" Akawu ya yi kuka kamar ransa zai fita. Wasiƙar ya ninke ya tura cikin gwangwanin, bai ƙara buɗe shi ba har ya koma ga Allah. Shi ya sa Hausawa ke cewa, da-na-sani ƙeya ce, a baya take.