Ɗari Biyu da Ɗaya

"Mutum nawa ne a gidan nan, Mma?" in ji malamin ƙidaya, ranar da masu ƙidaya suka shigo unguwar Nima.

"Shida, har da ɗana mai karatu a Amirka."

"Wanda ya kwana nan kaɗai muke rubutawa."

"In ban ƙirga shi ba, wa zai ƙirga shi can?"

Ta miƙa masa hoton da yaron ya aiko daga can. Wani ƙaramin ƙauye ne a bakin rafi, gonakin masara sun kewaye shi, ga ɗanta tsaye gindin wani allo.

Malamin ya duba da kyau. "Mma, yawan mutanen garin ke jikin allon nan. An soke ɗari biyu, an rubuta ɗari biyu da ɗaya."

Ta daɗe tana shafa hoton.

"To, rubuta biyar, Malam. Na ba su aronsa."