Tabon Farin Zanen Bagade

Wannan misali ne kawai, ba da kowa ake ba.

A wani ƙaramin cocin Katolika na ƙauye akwai wata mata da aka ba wankin zannuwan bagade, wato teburin ibada. Ita ko ba a faɗa mata lokaci. In an shiga jiran Kirsimeti ko azumi ta shimfiɗa shunayya, sauran ranaku kore, fari kuwa sai babban biki. Farin nan babu irinsa. Wata tsohuwa ce a Zumuntar Mata ta yi masa ado da allura, zangarniyar dawa kewaye da bakinsa, tun idonta na gani. Yanzu ko ƙofar coci sai ta lalube ta da sanda.

To, ana gobe Larabar Toka, ranar shiga azumi, rijiya ta ja baya, ruwan da matar ta samu bai fi bokiti ba. Ga shunayya za a shimfiɗa da safe, ga farin tun Kirsimeti yana jiranta a kwando. Ta ce bari ta haɗa su, ai ba daɗewa za su yi ba. Ta tafi duba tuwo. Ko da ta dawo, shunayya ta zuba. Tabo kamar tafin hannu, a tsakiya, daidai inda Fada, limamin cocin, ke ajiye ƙoƙo. Ta waiga, ba kowa. Ta shanya shi a ƙuryar ɗaki, da ya bushe ta ninke ta tura ƙasan akwati, ta danne da kayan aurenta. Ta ce wa ranta Ista da nisa.

Aka shafa mata toka a goshi, tunaninta na ƙasan akwati. Lahadin farko katakis, mai koyar da addini, ya yi wa'azi a kan Adamu da Hauwa'u, yadda suka laɓe bayan itace da suka ji motsin Ubangiji, sai ta ga kamar ita yake kallo. Ta koma gida ta gwada kanwa. Tabo ya baje. Ta gwada ruwan toka, ya koma kalar ƙasa. Duk sai mijinta ya fita take yi, ƙofa a rufe, kunnenta na waje. In tsohuwar ta gaishe ta a hanya, "Sannu da wankin Ubangiji, 'yata," sai ta amsa da sauri ta ce ta bar tukunya a wuta. Da Fada ya zo sauraron masu furta zunubi, ta durƙusa ta faɗi zagin akuyar maƙwabta, ta faɗi gulmar bakin rijiya, har da naman da ta ɗanɗana ran Juma'a, ranar da aka hana ci. Maganar zane ta zo mata wuya ta koma. Ai ba da gangan ba ne, in ji ta a ranta, kuma gyarawa za ta yi, to mene ne na faɗa? Abinci ya daina shiga. Mata suna ta yabonta, wai bana ba wanda ya kai ta riƙon azumi.

Bayan Lahadin Dabino, saura mako guda Ista, ta ga kwana ya ƙare. Ta je kasuwar wani gari inda ba a san ta ba, ta sayo bilic mai cin tabo, ta tuttula ba ko sirki, ta bar shi ya kwana. Da safe tabo ya fita sarai. Ta ɗaga zanen don ta yi godiya, sai ga haske ta tsakiyarsa. Zaren ya zube kamar ruɓaɓɓiyar tabarma. Ran Alhamis Fada ya wanke ƙafafun dattawa, ya ce Bitrus ma da farko janye ƙafarsa ya yi don kunya da Ubangiji ya zo wanke masa, kuma wanda ya ɓoye ƙafa shi ke tashi da dauɗarsa. Ta duƙar da kai. Ko a ranar da asirinta ta koma gida.

Asabar da safe mata suka taru sharar coci, aka ce a kawo farin. Ta kawo shi a ninke. Aka kama gefe da gefe aka warware. Tsintsiyoyi suka tsaya. Tsohuwar ta ce, "Me aka yi kuka yi tsit kamar an ga maciji?" Ta miƙo hannu tana shafa zangarniyarta, tana bi, tana bi, har yatsunta suka faɗa ta ɗaya gefen.

"Ɓera ne ko wuta?"

"Ni ce, Iya. Shunayya ce ta zuba, tun kafin toka."

"Tun kafin toka! Kina wuce ni kullum da tukunyarki a wuta? Shunayyar nan ai ni ma ta sha zubar mini. Da ɗanyensa kika kawo, ruwan sanyi ne da lemon tsami, sai rana ta ƙarasa. Tabo ko a makance na iya masa, 'yar nan. Rami sai ido, ido kuwa ya riga ni tafiya."

Ba wanda ya zage ta, da ma an zage ta da ta fi jin sauƙi. Ista ta shekarar farin mayafin aro aka shimfiɗa, gajere, ƙafafun bagade a waje, kowa ya shigo sai ya tambayi na kusa da shi ina zanen Iya.

Abin da kunya ta ɓoye wa mai magani, ƙarshe gari duka ya gani. Shi ya sa Hausawa ke cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.