Bayan Takarda

Kowace takarda Shugaba ta saya, sai ta buga mata hatimin sunanta a kusurwa kafin ta jiƙa buroshi. Hali ne da ta kwaso daga shekara ashirin da biyar na riƙon makaranta: abin da ba shi da suna, a wurinta, ya riga ya ɓata.

Su tara ne a ƙungiyar masu zane da take shugabanta. Duk Asabar da safe sukan haɗu a bakin kogi, gefen tsohuwar gada, kowa da kujerarsa mai naɗewa, da kwalbar ruwa, da akwatin launi. Akwai Lauya, akwai Mai Kemis, akwai matar Likita wadda hira ta fi kawo ta. Na goman ba wanda ya gayyace shi.

Tsohon mai fentin gidaje ne, faratansa duk fenti. Wata Asabar ya tsaya kallo, ta gaba sai ya dawo da buroshi biyu da murfin bokiti da yake dama launi a kai.

"Baba, nan fa ba katanga ake shafewa ba," in ji Shugaba.

"Na gani, ranki ya daɗe. Ruwan ne ya ba ni sha'awa."

Ba shi da takarda, don irin mai kaurin nan da ke shan ruwa ba ta kowa ba ce. Shugaba takan zaro wadda ta ɓata, ta miƙa masa da yatsu biyu. "Ungo, yi a baya. Ai ba za ka ga bambanci ba."

Aikin nasa ya zama abin nishaɗin ƙungiya. Yakan jiƙa takarda sharkaf, ya zauna yana jira kamar mai gadin shanya. Can sai ya ja buroshi sau biyar ko shida, ya bar wurare fari fat, ya ce ya gama. Lauya ya ce da a falonsa aka bar irin wannan giɓi, da sai an sake. Ita kuwa Shugaba ba ta barin giɓi. Takan jera tubalan gada ɗaya bayan ɗaya, in ta gama ta ɗauko farin launi ta ɗiɗɗiga hasken ruwa da shi.

Sai ga sanarwa: ɗakin baje zane zai rataye hoto ɗaya tak daga ƙungiyar, na tsawon wata guda. Shekara shida Shugaba tana jiran wannan rana. Sau huɗu ta zana gadar. Uku ba su yi mata ba, ta tura wa tsoho. Ta huɗun ta ci mata Asabar uku.

Ranar tattara zane, tsohon ya matso da tasa takardar.

"A sa har da nawa?"

Matar Likita ta rufe baki da gyale. Shugaba ta karɓa ba tare da ta duba ba, ta shimfiɗa a ƙasan jakar da za a aika, ta ɗora sauran a kai. "Madalla. Zai tare wa na mutane danshi." A jerin sunaye ta rubuta tara.

Ran Alhamis wayarta ta yi ƙara. Mai kula da ɗakin ce.

"Gadarki muka ɗauka, Mama. Mun ga sunanki a jiki. Yadda hasken nan ya kwanta a kan ruwa, mun daɗe ba mu ga hannu mai haƙuri haka ba."

"Horo ne, 'yata," in ji Shugaba. "Ba a sayen sa a kasuwa."

Asabar ɗin nan ta kira tsohon gefe. Ta ce ƙungiya ta shiga idon jama'a yanzu, dole a san wanda ake zama da shi. Ya ɗauraye murfin bokitinsa a kogi, ya yi musu sallama. Mai Kemis kaɗai ya amsa.

Ranar buɗewa ta zo da ɗanta, da surukarta, da jikoki uku, cikin sabon ɗinki. Mutane sun yi cincirindo gaban hoto guda. Tun daga ƙofa ta hango katin da ke ƙasansa, da sunanta cikin manyan baƙaƙe. Jikarta ta kutsa ta dawo da gudu.

"Kaka, ashe haka kika iya? Kamar ruwan yana tafiya."

Aka buɗa mata hanya ana tafi. Ta gyara mayafi, ta sa tabarau, ta ɗaga kai. Ta nemi tubalanta, babu ko ɗaya. Ta nemi ɗigon farin launinta, babu. Hasken da ake ta yabo farar takarda ce zalla da buroshi bai taɓa ba.

Tata gadar ma tana cikin firam ɗin, da tubalanta da hatiminta, a bayan zanen tsoho, tana kallon bango.