Kasko na Uku

Casilda tana kan tsani tana ƙarasa fiffiken wani aku, sai ta ji ana taɓa mata kasaken fenti a ƙasa.

"Don Allah, yallaɓai, kada a motsa su."

Farfesa Olvera ko kallonta bai yi ba. Daga babban birni aka ɗauko shi don ya duba aikin. Ya ɗaga wannan kasko ya sunsuna, ya ajiye a wurin wancan, har sai da ya hargitsa jerin duka. Casilda ta bi kasaken da ido. Tun tana yarinya jeri ɗaya take yi musu a kan benci: baƙi, rawaya, ja, shuɗi, sai na ruwan wanke buroshi a ƙarshe.

Ba a taɓa ba mace aikin ƙawata zauren wasannin garin ba sai ita. Tayil ɗin ƙasa, labule, kujeru, duk ita ta tsara. Ga kuma bangon nan, gonar masara da tsuntsaye tun daga ƙasa har rufi. Abu ɗaya ya rage, a rubuta sunanta a gindinsa. Nan fa maza suka ce ba su san zancen ba.

Dalilinsu yana zaune a kusurwa. Mahaifinta ne, Anacleto, wanda kowa ke ce wa Maestro, wato babban gwani. Sun ce shi ya yi zanen, ba ita ba. Kullum da safe tare suke zuwa, hannunsa cikin nata, da baƙin tabarau saboda ƙurar farar ƙasa. Mutum ne mai ji da kai, ba ya gaida kowa sai an fara gaishe shi. Idan an yi sabon yaɓe, shi ke ɗora tafin hannu a kai ya ce, "Ya yi, fara." Irin wannan zane a kan ɗanyen yaɓe ake yinsa, in ya bushe an yi asara.

Farfesa ya daɗe yana bin bangon da ido. Magajin gari, Fulgencio, yana biye da shi da kofin cakulan a hannu, kansiloli a bayansu.

"Na je cocinku jiya," in ji Farfesa. "Na ga Maryamu mai jariri da Maestro ya zana. Ku dubi yatsun matar nan mai ɓare masara. Ku dubi fatar idonta. Hannu ɗaya ne. In na yi ƙarya a karɓe takarduna."

"To, 'yammata, kin ji," in ji magajin gari. "Wanke buroshi ma ai aiki ne, ba abin kunya ba ne."

Aka yi dariya. 'Yammata, wai! Matar da furfura ta fara tsiro mata.

Casilda ta sauko daga tsanin. Ba ta ƙaryata ba. Ba ta kuma dubi kusurwar ba.

"Abin mai sauƙi ne," in ji Farfesa. "Ga ɗanyen yaɓe nan ya rage. Uba ya zana aku, 'ya ta zana aku, a gabanmu, yanzu. Ido zai raba gardama."

Casilda ta dubi yaɓen, ta dubi kasaken da aka hargitsa. Kuruciyarta duka a kan tsani ta ƙare. Ta ƙi masu neman aure, ta sha zagin matan unguwa masu cewa mace da wando a saman bango ba ta ganin Aljanna. Duk don rana irin ta yau.

"Ba sai an gwada ba," ta ce. "Ku sa sunansa."

Magajin gari ya tafa hannu. "Yauwa! Da tun farko kin..."

"Rufe mana baki, Fulgencio. Na san ka tun kana fitsarin kwance."

Tsohon ne ya miƙe. Casilda ta yi wuf za ta kama masa hannu, ya janye.

"Baba, zauna. Don Allah, Baba."

"Na zauna ya isa."

Ya taka a hankali, yatsunsa na shafar gefen bencin. Ya zaro buroshi daga aljihu. Ya taɓa kasko na farko, na biyu, ya tsaya a na uku.

"Ja a na uku yake, ko ba haka ba, 'yata?"

Kalma ɗaya ta isa ta gyara komai. Ta buɗe baki.

"Ba ke na tambaya don ki amsa ba," ya ce a hankali. "Ina da kunne."

Ya tsoma buroshin. Ya dafa yaɓen da hannun hagu, ya shiga ja da na dama, a tsanake, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Kai, baki, fiffike, doguwar wutsiya. Casilda ta rufe fuska da hannu biyu.

Da ya gama sai ya juyo. Mutanen suna damansa, shi kuwa ginshiƙi ya fuskanta.

"To, Farfesa, yaya ka ga jan nan?"

Farfesa ya matsa kusa ya duba. A bangon babu komai sai sawun ruwa, yana ta bushewa.

Tsohon ya cire tabarau ya sa a aljihu. Idanun farare ne fat, kamar madara.

"In kun gama rubuta sunanta a nan, ku wuce coci ku kankare nawa," ya ce. "Ko Maryamun nan, ban taɓa ganinta ba."