Ranar da Zubairu Ya Kwance Yelwa

Tunda yaƙi ya koro su daga Sudan, Zubairu da matarsa Awadiyya ba su mallaki komai a Alƙahira ba sai saniya guda, mai suna Yelwa. A wani tsibiri cikin kogin Nilu, daura da unguwar Ma'adi, Hajja Eman ta ba su aron 'yar gona. Nonon Yelwa kuwa shi Awadiyya ke kaiwa unguwar Hadayek ta sayar, da shi suke ci. Ga shi kuma saniyar tana da ciki.

Da sanyi ya shigo, Zubairu ya shuka barsim, ciyawar da Misirawa ke ciyar da dabbobi, ya haɗa da sha'ir. Sai dai ya ga ta maƙwabta ta fi tasa tsawo, abin ya tsaya masa a rai. Ya sayo buhun takin yuriya ya zazzage shi kaf a ɗan filin nan.

Hajja Eman ta leƙo ta riƙe baki, ta kira shi da sunan ɗansa Munzir. "Ya Abu Munzir, taki ne wannan ko farar ƙasa kake shafe gona da ita? Barsim ba ya son yuriya da yawa. To tunda ka zuba, ka yi ban-ruwa, ka bari ciyawar ta ƙosa. Saniyar nan kuma ta zauna a turkenta, ka riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan."

"Tamam, na ji, Hajja," in ji shi. Tana juya baya ya taɓe baki.

Shi fa turken nan ne ba ya so. A Gadarif, can gida Sudan, garke guda ya kora, bai taɓa ɗaure saniya tana kallon ciyawa ba. Ba a jima ba gonar ta yi kore shar, har tana ɗaukar ido. Wata safiya, raɓa ba ta ko bushe ba, ya ji Yelwa tana kuka tana jan igiya.

"Baban Munzir, me kake kwancewa?" Awadiyya ta tambaya.

"Fursuna ce? Ki dube ta fa, yawunta har ƙasa."

"Hajja ta ce..."

"Hajja a turke ta ga shanu, ni a daji na tashi da su. Khalas, magana ta ƙare!"

Yelwa ta faɗa gonar da yunwar kwana, ta ci iya cinta, abin da ba ta ci ba ta tattake. Kafin azahar sai ga ta tana tangaɗi, cikinta ya kumbura tim, numfashi sama-sama. Awadiyya ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Zubairu ya ruga bakin ruwa neman kwalekwalen da zai ɗauko likitan dabbobi.

Ko da suka tsallako shi da likitan, Yelwa ta miƙe ƙafafu. Ko wuƙa ba a samu sa mata ba, ta tafi mushe, da ɗan da ke cikinta.

Likitan ya ɗaga leɓenta, ya dubi gonar, ya girgiza kai. "Ɗanyar ciyawa ce da ta sha taki fiye da kima, ga raɓa, ga ciki wayam. Guba ta ci. Ma'alish, sai haƙuri."

Awadiyya ba ta yi masa faɗa ba. Ta wanke robobin nono ta kife su, ta ce, "Gobe zan shiga Ma'adi, ko wani gidan na neman mai shara." Zubairu ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

Jama'a, taki yana da ma'auni, kiwo yana da lokaci. Kada a saki dabba mai yunwa cikin ɗanyar ciyawar da aka cika wa taki. Wanda kuma ya baƙunci ƙasa, ya saurari masu nomanta kafin ya yi gaban kansa.